Injin Ƙyanƙyasar Ƙwai A Gida: Wane Iri Ya Kamata Mai Ƙaramin Ƙarfi Ya Saya?

Duk wanda ya taɓa zuwa unguwar Oluyole da ke birnin Ibadan a ranar da gidajen ƙyanƙyasa ke fid da kaya, ya ga yadda ake jera kwalaye masu huji-huji, kowanne cike da 'yan tsaki 'yan kwana ɗaya, ana loda su cikin motoci zuwa Kaduna da Kano da Sakkwato da Maiduguri. Tafiyar Kano kaɗai ta haura kilomita 800. Kafin kwali ya isa hannun mai kiwo, kuɗin mota ya hau kansa, ladan dillali ya hau, sa'an nan sau da yawa zafin hanya ya riga ya ɗauki nasa rabon. Tun kuwa da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin dako ya ƙara yin sama, har ya zamana ƙaramin mai kiwo, wanda ƙarfinsa bai wuce tsako 50 a lokaci ɗaya ba, ya fara tunanin ko da wata hanya.

Hanyar da mutane da yawa suka hango ita ce su riƙa ƙyanƙyashe ƙwai da kansu a gida. 'Yan kasuwa kuwa ba su yi barci ba. A yau ana samun ƙananan injunan ƙyanƙyasa, waɗanda wasu ke kira inkubeta, a kasuwannin kayan lantarki na manyan garuruwa, tun daga Alaba ta Legas har Sabon Garin Kano, galibinsu na roba ne, ƙirar ƙasar Sin. Akwai kuma na katako da na ƙarfe waɗanda masu sana'ar hannu ke haɗawa a nan gida. Ana tallarsu ta wayar hannu da hotunan 'yan tsaki rututu, ana alkawarin cewa kusan duk ƙwan da aka zuba zai fashe. Ma'aikacin da ke shirin barin aiki, da matar da ta kwashi adashi, da saurayin da ya gama makaranta bai sami abin yi ba, kowa ya sa ido.

Abin da ba a nunawa a hoton shi ne ranar 22, ranar da mutum zai buɗe inji bayan mako uku yana leƙe, ya tarar da baragurbi. Ga kuɗin inji, ga kuɗin ƙwai, ga na mai, ga kwanakin da ba za su dawo ba. Mafi yawan irin wannan asarar tun daga shago ake sayo ta, gama abin da aka fi tambayar mai shago shi ne nawa ne, kuma ƙwai nawa yake ɗauka. Da wuya a ji mai tambayar ko injin zai iya riƙe zafi ɗaya, dare da rana, har kwana 21, a cikin ɗakin da za a ajiye shi, da irin wutar da unguwar ke samu. A nan kuwa maganar take.

AIKIN DA KAZA KE YI

Kafin a shiga maganar inji ya kamata a dubi wadda injin ke kwaikwayo. Kazar gida takan saka ƙwai 10 zuwa 15, sa'an nan ta hau kwanci. Cikin kwana 21 tana ba su ɗumin jikinta, tana juya su da baki da ƙafa sau da yawa a yini, tana sauka na ɗan lokaci ta ci ta sha, su kuma su sha iska. In ta ƙyanƙyashe sai ta shiga reno na wajen wata biyu, tana tona musu abinci, tana tsare su daga shirwa. Ba ta neman wuta, ba ta neman mai, kuma da wuya ƙaramin inji ya fi ta iya ƙyanƙyasa. Aibinta shi ne muddin tana kwanci da reno ba ta saka, shi ya sa a shekara ba ta cika wuce ƙwai 40 zuwa 60 ba.

Saboda haka mai kaji uku ko huɗu a tsakar gida ba shi da bukatar inji. Gara ya gyara akurki, ya nemi maganin rigakafi da kuɗin. Wanda inji ke yi wa rana shi ne mai kajin zamani, waɗanda masana suka rage musu halin kwanci domin su yi ta saka, da mai kiwon salwa, da kuma mai zabi. Kowa ya san zabuwa ba ta da haƙurin kwanci a gida, tun kaka da kakanni kaza ake sa wa ƙwanta, ga shi kuwa da damina ƙwan zabi kan yi yawa a kasuwannin ƙauye har kajin da za su kwanta a kansu su yi kaɗan.

Dabarar kanta ba sabuwa ba ce. Mutanen Masar sun fi shekara 2,000 suna ƙyanƙyashe dubban ƙwai a ɗakunan laka, suna hura musu wutar busasshen kashin dabbobi, suna gwada ɗumin ƙwai ta hanyar ɗora shi a kan fatar ido. A 1749 wani masani Bafaranshe mai suna Réaumur ya wallafa littafi a kan yadda za a yi wannan aiki da ma'aunin zafi. Abin da injin yau ya ƙara shi ne ya karɓi aikin gadi daga hannun mutum, in har injin na kirki ne.

ABIN DA ƘWAI KE BUKATA

Zafi ne kan gaba. A injin da ke da fanka a ciki, wadda ke rarraba ɗumi ko'ina, ana son digiri 37.5 a ma'aunin Salshiyas. A wanda ba shi da fanka ana son tsakanin 38 da 39, kuma daidai saman ƙwai ake aunawa, domin ɗumi sama yake taruwa ya bar ƙasa da sanyi. Bambancin digiri ɗaya, wanda jikin mutum ba zai ko ji ba, in ya daɗe yakan sa tsaki su fito da wuri ko a makare, wasu da karkatattun yatsu, wasu cibiyarsu ba ta rufe ba. Haka nan kuma ƙwai ya fi jure sanyi bisa ga zafi. In ɗumi ya sauka na sa'a biyu ko uku, tsakon da ke ciki yakan dakata ne ya jira, kamar yadda yake yi in uwarsa ta sauka kiwo. Amma in zafi ya haura digiri 40 ya zauna can na 'yan sa'o'i, to, ba sauran magana.

Sai laima, watau danshin iskar da ke cikin injin. Ɓawon ƙwai yana da dubban ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani, ta nan ruwan ciki ke fita a hankali, ta nan kuma tsako ke numfashi. Ana son laima kashi 50 zuwa 55 cikin 100 a kwana 18 na farko, sa'an nan a ɗaga ta zuwa 65 ko 70 a kwana uku na ƙarshe domin fatar cikin ɓawo ta yi laushi. Juyi kuwa, aƙalla sau uku zuwa biyar a yini in da hannu ne, don kada tsako ya manne a gefe ɗaya. Injuna masu juyi da kansu suna karkata tiren ƙwai bayan kowace sa'a ɗaya ko biyu. Tilas kuma a sami ƙofofin iska, musamman a makon ƙarshe.

Kwanakin sun bambanta: kaza 21, salwa 17 zuwa 18, zabuwa 26 zuwa 28, talotalo 28, agwagwar gida irin mai jan tozo a fuska kuwa 35. Mai niyyar agwagwa sai ya san cewa sati biyar zai yi yana gadin wuta.

WUTA TUKUNA

Ga mai saye a ƙasar nan, tambayar farko ita ce sa'a nawa wuta ke zama a gidansa, kuma sa'a nawa takan yi a ɗauke in ta tafi. Injunan da suka fi araha a kasuwa, waɗanda ake gani da murfin roba mai haske, da yawansu wutar lantarki kaɗai suka sani, don ƙasashen da ba a ɗauke wuta aka yi su. Jikinsu siriri ne, ba ya riƙe ɗumi, da an ɗauke wuta ba da jimawa ba cikinsu zai koma daidai da ɗaki. Wanda ya sayi irin wannan a unguwar da wuta ke yin dare biyu ba ta zo ba, dole ya tada janareto, kuma kuɗin fetur na mako uku yana iya cinye darajar tsakin da ake jira gaba ɗaya. Araha ba ta ado, in ji Hausawa.

Wanda ya fi dacewa da halin da ake ciki shi ne inji mai hanyar wuta biyu, watau mai karɓar lantarkin gida ya kuma karɓi batir mai ƙarfin bolt 12, wanda ke komawa kan batir da kansa da zarar an ɗauke wuta. A kula da kalmar "da kansa". Akwai waɗanda sai mutum ya zo ya sauya waya da hannu, kuma wuta ba ta sallama in za ta tafi ƙarfe biyun dare.

Batirin ma yana da lissafinsa, lissafin kuwa ba mai wuya ba ne. A bayan kowane inji ana rubuta ƙarfin wutar da yake ja. A ce an rubuta wat 80, kamar yadda ake gani a jikin da yawa daga masu ɗaukar ƙwai wajen 50. Batir mai bolt 12 da lamba 100 a jikinsa yana ɗauke da abin da zai ba da wat 1,200 na sa'a ɗaya, amma in irin mai ruwa ne rabin wannan kawai ya kamata a ja, in ana son ya yi ƙarko. Rabin shi ne 600. A raba 600 da 80, a sami sa'a bakwai da rabi. Gaskiya ne hitar ba kullum take kunne ba, tana kamawa tana saki, saboda haka batirin zai ɗan wuce haka; amma da hunturu, sa'ad da dare ke da tsawo ga sanyi, kada a sa rai zai kai safiya da sauƙi. Batirin mota kuwa ba don irin wannan aka yi shi ba, an yi shi ne don ya ba da ƙarfi na ɗan lokaci a tada inji, in aka riƙa zuƙe shi kullum ba zai daɗe ba. Wanda zai haɗa da faifan sola, sai ya tabbata faifan zai iya riƙe injin da rana kuma ya cika batir domin dare, har a ranakun damina da hadari ke rufe sama. Sau da yawa kuɗin batir da faifai ya fi na injin kansa, kuma mai shago ba shi zai fara faɗin haka ba.

Akwai kuma injin kananzir, wanda tsofaffin malaman gona suka sani sarai. Fitila ce a gefe, ɗuminta na bi ta bututu ya shiga akwati. Ba ruwansa da lantarki, wannan ita ce falalarsa ga mutumin ƙauye. Sai dai yana son mai kula: a gyara lagwani kullum, kada ya yi hayaƙi, gama hayaƙi yana kashe abin da ke cikin ƙwai, a kuma tsare shi daga yara saboda gobara. Ga shi kananzir, wanda dā shi ne man talaka, yanzu a wurare da dama ya fi fetur tsada.

BAZARA DA HUNTURU

Akwai wani abu da takardar da ke zuwa cikin kwalin inji ba ta faɗi ba, domin waɗanda suka rubuta ta ba su san watan Afrilu a Sakkwato ba. Ƙaramin inji ɗumi kawai yake iya ƙarawa, ba ya sanyaya komai. In zafi ya kai inda aka saita, hita za ta mutu, shi ke nan iyakar dabararsa. To, a Sakkwato da Maiduguri da Nguru da Yola, daga Maris zuwa Mayu zafin rana kan haura digiri 40 a inuwa, a ɗaki mai rufin kwano marar silin kuwa abin ya fi haka. Inji a irin wannan ɗaki zai bi zafin ɗakin, ƙararrawarsa ta yi ta kuka, ƙwai kuwa yana dahuwa. Mutane da yawa sun zargi inji a kan laifin rufin kwano.

Maganin abin shi ne wurin ajiya. Ɗakin ƙasa mai rufin azara, ko ɗakin da ke ƙarƙashin bene, ko duk inda ya fi sanyi a gida, nesa da taga, inda rana ba ta faɗawa a kan injin, kuma ba kusa da murhu ba. In babu irin wannan wuri, hikima ita ce a huta da ƙyanƙyasa a tsakiyar bazara a jira saukar ruwa. Inji mai kauri, wanda aka sa wa soso tsakanin bangonsa, ya fi na siririyar roba ta nan ma, domin abin da ke hana ɗumi fita da dare shi ke jinkirta shigar zafi da rana.

Da hunturu kuwa matsalar bushewa ce. Danshin iska a Arewa kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, ruwan da ke cikin ɗan kwanon inji ya ƙafe da sauri, ƙwai ya bushe fiye da kima, ranar fita fatar ciki ta naɗe tsako ya kasa motsi. Saboda haka mai saye a Arewa ya duba faɗin kwanon ruwa, gama faɗin fuskar ruwa ke ba da laima, zurfinsa ba ya ƙara komai. Ya duba kuma ko ana iya ƙara ruwa daga waje ba tare da buɗe murfi ba. Wanda ke zaune a Legas ko Fatakwal nasa akasin haka ne: da damina iskar kanta a jiƙe take, in ya cika kwano kamar yadda takarda ta ce, laima za ta yi yawa, ƙwai ya kasa rage ruwansa, tsako ya kai ranar fita ya mutu a ciki. Masana sun ce ƙwai ya kamata ya rage wajen kashi 12 cikin 100 na nauyinsa kafin rana ta 18. Mai ƙaramin sikeli yana iya gwada wannan da kansa.

GIRMAN INJI

Ba abin da ke ruɗin mai saye kamar lambar da ke jikin kwali. Ana ganin na ƙwai 500 bai ninka na 100 sau biyar a kuɗi ba, sai a ce ai gara babban. Ina ƙwan da za a zuba? Kajin gida 10, in aka bi lissafin ƙwai 40 zuwa 60 a shekara, abin da za su bayar a mako bai wuce 8 zuwa 12 ba. Ƙwan ƙyanƙyasa kuwa ba a tara shi da daɗewa. Bayan kwana bakwai da sakawa ƙarfinsa yakan fara raguwa kowace rana. Babban inji da ƙwai 30 a ciki yana jan wutarsa ne kamar a cike yake.

Wasu sukan ce za su riƙa zuba sabon ƙwai kowane mako a inji ɗaya. Ana yin haka, amma da wahala, domin ƙwan da ya kai kwana 18 yana son a daina juya shi a ƙara masa laima, alhali na kwana huɗu yana son juyi da laima kaɗan. Bugu da ƙari, ƙazantar ƙyanƙyasa tana gurɓata na baya. Manyan gidajen gona suna raba wurin kwanci da wurin fashewa saboda wannan dalili. Ga mai farawa, inji mai ɗaukar 30 zuwa 60, a zuba rana ɗaya a kwashe rana ɗaya, ya isa makaranta. A lura kuma lambar kwali ta ƙwan kaza ce. Na agwagwa da talotalo ba za su shiga haka ba, na salwa kuma yana bukatar nasa tiren.

Tsakanin ɗan waje da haɗin gida ba a yanke hukunci da suna. Akwai masu haɗawa a garuruwa da dama da ke yin akwati mai kauri, wani lokaci da gangar jikin tsohon firji, su sa masa na'urar daidaita zafi, wadda masu gyara ke kira tamostat, da fanka da injin juyi, kuma aikinsu yana kyau. Amfaninsu shi ne in abu ya lalace a rana ta 12 akwai wanda za a kira. Akwai kuma waɗanda ba su taɓa ƙyanƙyashe ko tsako ɗaya ba, kwan lantarki kawai suka sa a akwati. Hanyar rarrabewa ita ce a nemi ganin wanda ya riga ya saya ya yi aiki da shi, a ji daga bakinsa. Ɗan waje kuma a tambaya ko ana samun hitarsa da fankarsa da injin juyinsa a kasuwar garin, gama waɗannan su ke fara mutuwa.

Kowanne aka saya, kada a yarda da lambar da fuskarsa ke nunawa sai an gwada. Ma'aunin zafin jiki irin wanda ake sayarwa a kantin magani yana da araha, kuma a daidai wannan zango na 35 zuwa 42 aka yi shi ya yi aiki. A kunna inji ba ƙwai kwana biyu, a auna tsakiya, a auna kusurwoyi huɗu, da rana da kuma asuba. In kusurwa ta bambanta da tsakiya fiye da rabin digiri, ƙwan da ke can zai sha wuya. A cire wuta da gangan a ga ko ya koma kan batir, a ga kuma minti nawa yake ɗauka kafin ya huce. Ya kamata a yi sharaɗi da mai shago tun kafin a biya cewa in gwajin bai yi ba za a mayar.

ƘWAN DA ZA A ZUBA

Har yanzu ana samun wanda zai sayi kiret na ƙwan shayi ya zuba a inji. Kajin da ke saka wannan ƙwai a keji suke, ba su taɓa haɗuwa da zakara ba, ko shekara ƙwan ya yi a ɗumi ba abin da zai fito. Ƙwan ƙyanƙyasa sai daga garken da ke da zakara lafiyayye, wajen ɗaya ga kaji 10. A zaɓi matsakaici, mai tsabta, marar tsaga. Ba a wanke shi, domin wanki yana cire rufin da ke tare ƙwayoyin cuta. A ajiye shi tsininsa na kallon ƙasa a wuri mai sanyi, kamar gindin randa, gama a zafin bazara tsako yakan fara tasowa tun ƙwai na cikin kwarya, ya mutu kafin a kai shi inji. Wanda ya sha girgizar babur a hanyar ƙauye a bar shi ya huta yini guda.

Game da iri kuwa, ƙasar nan tana da nata. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, ta fid da kazar ƙwai mai suna ShikaBrown a shekarar 2000. Jami'ar aikin gona ta Abeokuta ta samar da FUNAAB Alpha, wadda aka yi wa rajista a 2018. Akwai kuma Noiler ta kamfanin Amo da ke Awe a Jihar Oyo, wadda ta bazu a gidaje saboda tana ba da nama da ƙwai kuma tana kiwo a tsakar gida. Sai dai a sani, kajin da aka samu ta hanyar haɗa iri biyu, 'ya'yansu ba lalle su yi daidai da su ba, jikoki kuwa sun fi nisa. Kuma a kowace ƙyanƙyasa wajen rabi zakaru ne. Mai lissafin kajin ƙwai ya raba adadinsa biyu tun yanzu. Tun daga watan Fabrairu na 2006, da murar tsuntsaye ta fara ɓulla a wata gona a Jaji ta Jihar Kaduna, likitocin dabbobi ke gargaɗi a kan sayen ƙwai ko kaji daga garken da ba a san lafiyarsa ba.

Da wannan ake gane araha ta gaskiya, watau nawa kowane tsako mai rai ya tsaya. A ɗauki misali: mutum biyu, kowa ya zuba ƙwai 50. Na farko ya sami tsako 40, na biyu 15. Na biyun ya kashe fiye da ƙwai uku a kan kowane tsako, wuta kuwa ɗaya suka sha. In suka yi zubi 10, bambancinsu tsako 250 ne, abin da ya isa ya biya ratar kuɗin injunan ya bar saura. Manyan gidajen ƙyanƙyasa ma, da duk kayan aikinsu, tsakanin 80 da 90 cikin 100 suke samu. Mai ƙaramin inji da ya sami biyu cikin uku a zubin farko ya yi abin kirki.

RANAR FASHEWA DA BAYANTA

A rana ta bakwai zuwa ta goma ana haska ƙwai da tocila a cikin duhu. Mai rai za a ga jijiyoyin jini sun bazu kamar saƙar gizo, wanda ba zakara kuwa fayau yake, wanda ya mutu kuma akan ga zoben jini a jikinsa. A cire marasa amfani, don baragurbi in ya fashe a ciki yana ɓata sauran. A rana ta 18 a tsayar da juyi, a kwantar da ƙwai a shimfiɗe, a cika ruwa, a rufe. Daga nan sai haƙuri. Inji mai murfi ko taga ta gilashi yana da amfani a nan, domin yara da manya duk za su so gani, kuma kowace buɗewa tana fitar da laimar da tsako ke bukata. Tsako yakan huda ɓawo ya huta sa'o'i da yawa, wani har kusan yini da kwana, kafin ya ƙarasa. Mai gaggawar ɓare masa yakan tsinka jijiyar da ba ta gama janyewa ba.

In sun fito a bar su su bushe a ciki. Ba su da yunwa nan take, gama kafin fita kowanne ya janye sauran gwaiduwa cikin cikinsa, wadda za ta riƙe shi kwana biyu zuwa uku; wannan ne ma ya sa tsakin Ibadan ke iya kaiwa Kano a kwali ba ci ba sha. Amma inji ba ya reno. Tilas kafin rana ta 21 a riga an shirya wurin ɗumi, mai zafin digiri 32 zuwa 35 a makon farko, ana ragewa kaɗan-kaɗan kowane mako, ko da kwan lantarki ko da tukunyar gawayi a wurin da iska ke shiga, da shimfiɗar dusar katako, da kwanon ruwa marar zurfi. Tsakin kamfani akan yi musu wani rigakafin tun a can. Na gida kuwa sai mai su ya nema. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato, wadda ke aiki a can tun 1924, tana yin maganin rigakafin cutar Niyukasil, annobar nan da ke share kajin ƙauye da hunturu, da na cutar Gumboro, kuma ofishin likitan dabbobi mafi kusa shi zai faɗi ranakun da za a ba da kowanne. Shi kuwa injin, da an kwashe tsaki a fitar da ɓawo da gashi, a wanke tire da kwanon ruwa da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a goge fanka, a bar shi a buɗe ya bushe sarai kafin zubi na gaba.